Farar beyar da agwagwa mai jan kai: yadda ake auna wadda ta fi shiga haɗari

A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da Jan Kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta ajiye dabbobi biyu a aji ɗaya, ajin da ake yi wa alama da VU, wato matakin farko na haɗarin ƙarewa. Ɗaya ita ce farar beyar ta yankin ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya, Ursus maritimus, wadda aka kiyasta yawanta a kan 26,000. Ɗayar kuwa agwagwa ce mai nutso, Aythya ferina, wadda namijinta ke da jan kai, kuma yawanta a lokacin ya kai wajen miliyan biyu. Duk malamin da ya rubuta waɗannan lambobi biyu a allo, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, yaya mai dubu ashirin da shida da mai miliyan biyu za su zama cikin haɗari iri ɗaya?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce aikin gaba ɗaya. Wannan bayani mun shirya shi ne don malaman kimiyyar halittu na lakwal, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan gandun daji da ake nema su rubuta rahoto. Mun zaɓi waɗannan biyun ne don aji ɗaya suke, a shekara ɗaya, amma ta hanyoyi daban suka shiga shi. Ƙari a kan haka, agwagwar baƙuwarmu ce: tana ƙyanƙyasa daga Turai ta yamma har tsakiyar Saberiya, in sanyi ya kama ta gangaro kudu, kuma ƴan kaɗan daga cikinta suna ƙetaro Sahara su sauka a tafkunan Sahel.

Takardar aiki

A ɗauki shafi biyu na kaye masu fuskantar juna, a raba gida uku: abin da ake aunawa, beyar, agwagwa. Layukan da ake bukata su ne sunan kimiyya, aji a Jan Kundi da shekarar da aka sa ta, dalilin da aka dogara da shi, kiyasin yawa, yadda aka samo kiyasin, zangon zuriya, shekarun fara haihuwa, yawan ƴaƴa, abin da ke kashe ta, da wanda ke da ikon hanawa. Kowace lamba a rubuta shekararta a gefenta. Lambar da ba ta da shekara a soke ta, ko daga bakin wa ta fito.

Sunan kimiyya ba ado ba ne. Agwagin ruwa masu jan kai sun fi ɗaya, kuma ƴar uwarta ta kusa, Aythya nyroca, wadda ta fi ta yawan zuwa Sahel, tana wani aji ne na ƙasa, NT. Wanda ya haɗa lambobin biyun ya ɓata rahotonsa tun daga layin farko.

Azuzuwan haɗari uku ne. VU shi ne na farko, EN na biye, CR na bakin rami. A ƙasansu akwai NT, wato ta kusa shiga, da LC, wadda ba a damu da halinta ba. Ƙofofin shiga waɗannan azuzuwa guda biyar ne, daga A zuwa E, kuma ƙofa ɗaya ta isa. Ƙofar C da D na ƙarancin yawa ne: C tana kallon halittar da balagaggunta ba su kai 10,000 ba kuma suna raguwa, D tana kallon wadda ba ta kai 1,000 ba. Ƙofar B ta ƙuncin mazauni ce. Beyar da agwagwar nan ba wadda ta bi ta nan. Dukansu ta ƙofar A suka shiga, ita kuwa A ba ta tambayar "nawa suka rage?", abin da take tambaya shi ne "da wane sauri suke raguwa?" A mafi yawan rassanta, raguwar kashi 30 cikin 100 tana kai halitta VU, kashi 50 EN, kashi 80 CR. Nan amsar ɗalibin take: miliyan biyu da ke zubewa da sauri suna iya zama aji ɗaya da dubu ashirin da shida.

Zangon zuriya, inda aka fi yin tuntuɓe

Raguwar kashi 30 cikin shekara nawa? Ƙa'idar ta ce cikin shekara 10 ko zangon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Zangon zuriya shi ne matsakaicin shekarun iyayen da suka haifi ƴaƴan da ake da su yanzu. Ba shekarun balaga ba ne, ba kuma tsawon rai ba ne, kuma waɗannan biyun su ne ɗalibai suka fi sakawa a gurbinsa. Macen beyar tana fara haihuwa tana da shekara 5 ko 6, tana iya ci gaba har ta haura 20, to matsakaicin uwaye ya faɗi a kan shekara 11.5. Sau uku ya ba da kusan shekara 35. Na agwagwar, a kimantawar 2015, an ɗauki shekara 7.6, sau uku ya ba da kusan 23.

Yanzu a fito da kalkuletar waya, a juya wayar a kwance don maɓallin xʸ ya bayyana. A ɗauka, don gwaji, kowace daga cikinsu tana raguwa da kashi 2 cikin 100 duk shekara. Abin da ke saura bayan shekara ɗaya 0.98 ne. Na beyar a danna 0.98, xʸ, 35: zai ba da wajen 0.49, ma'ana rabi ya tafi, ta taɓa bakin EN. Na agwagwa a danna 0.98, xʸ, 23: zai ba da wajen 0.63, kashi 37 ya tafi, tana nan VU. Sauri ɗaya, hukunci biyu. In aka juya lissafin, za a ga raguwar kashi 1 kacal a shekara ta isa ta kai beyar VU, ita kuwa agwagwa sai wajen kashi 1.5.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ninka 2 sau 35 a ce kashi 70. Ba haka ba ne, domin kashi 2 na bana ana cire shi ne daga abin da ya saura bara, ba daga adadin farko ba. Wanda ya yi ninki kai tsaye, in saurin ya kai kashi 3, zai samu raguwar kashi 105, ya kashe fiye da dabbobin da ke akwai.

In kuwa lambobi biyu ne a hannu, na da da na yanzu, sai a cire na yanzu daga na da, a raba da na da, a ninka da 100. Misali na gaske: a yammacin gaɓar Hudson ta Kanada, wajen garin Churchill, ƙidayar jirgin sama ta ba da beyar 842 a 2016, ta ba da 618 a 2021. Bambancin 224 ne, a raba da 842, ya ba da kashi 27. Lambar tana da ban tsoro, amma kada a ɗauke ta a shafa wa duniya. Garke ɗaya ne cikin 19 da aka lissafa a 2015, kowace ƙidaya tana da tazarar kuskure ta ɗaruruwa, kuma beyar tana ƙetarawa zuwa garken maƙwabta. Abin da ya ba lambar nauyi shi ne ta bi sawun abin da aka daɗe ana gani a wurin: wajen 1,200 a 1987, sannan 935 a 2004.

Abin da aka gani da abin da aka hango

Wannan layi ne ya fi kowane raba dabbobin biyu, kuma shi aka fi tsallakewa. An sa agwagwar a VU ne da farko saboda raguwar da aka riga aka auna: ƙidayar Turai ta nuna zubewar kashi 30 zuwa 49 cikin zango uku. Kafin 2015 tana LC, ba wanda ya damu da ita. Beyar kuwa an sa ta ne a kan hasashe, reshen da ake rubutawa A3c: 3 na nufin raguwar da ake hangowa nan gaba, c na nufin lalacewar mazauni ne dalili. An haɗa yadda ƙanƙarar teku ke raguwa da yadda garkuna ke amsawa, lissafin ya nuna yiwuwar wajen kashi 70 cikin 100 cewa beyar za ta ragu da fiye da kashi 30 cikin shekara 35.

Hasashen ba shaci-faɗi ba ne. Tun 1979 tauraron ɗan'adam ke auna ƙanƙarar tekun Aktik na ƙuryar arewa, kuma faɗinta a watan Satumba, lokacin da ta fi ƙanƙancewa, yana raguwa da wajen kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A 2012 ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta a tarihin awon. Duk da haka a rubuta shi da sunansa na hasashe. Wanda ya rubuta "beyar ta ragu da kashi 30" ya faɗi abin da kundin bai faɗa ba. Wanda kuma ya ce "ai beyar ba ta ragu ba, ƙarya ake yi" shi ma bai karanta ba, don wasu garkunan sun ragu ƙwarai: na kudancin tekun Beaufort ya zube da wajen kashi 40 tsakanin 2001 da 2010. Wasu suna tsaye, kusan rabi kuma, har da na gefen Rasha, ba a yi musu ƙidayar da za a dogara da ita ba a lokacin kimantawar.

Daga ina lambobin suka fito

Ba wanda ya taɓa jera beyar ya ƙirga. Shi ya sa 26,000 ke tafe da rakiya: tsakanin 22,000 da 31,000. A rubuta duka ukun. Hanyoyin da ake bi su ne shawagi da jirgi a kan layuka da aka tsara, da harba wata kibiya da ke ɗebo ɗan tsokar fata ta faɗo don a gane kowace dabba ta ƙwayar halittarta, da tsohuwar hanyar kamawa a yi alama a saki. Abin wuya mai aika saƙo kuwa mata kaɗai ake sa wa, domin wuyan namiji ya fi kansa kauri, abin sai ya zame. Saboda haka yawancin taswirar yawon beyar da ake gani taswirar mata ce.

Hanyar alama da saki ana iya gwada ta a aji da tiya ɗaya ta wake. A ɗebi ƙwaya 100 a yi musu ɗigo da bik, a mayar cikin ƙwarya a gauraya sosai. A rufe ido a ɗebi hannu biyu ko uku, a ƙirga duka, a ƙirga masu ɗigo. Jimillar waken ita ce 100 sau abin da aka ɗebo, a raba da masu ɗigon da aka samu. In ƙaramar ƙwarya ce aka ɗebo 120 aka samu 20 masu ɗigo, kiyasin 600 ne. A tiya cikakkiya masu ɗigon za su yi ƙaranci, wani ɗalibi ya samu 3, wani 7, kiyasinsu ya bambanta da fiye da ninki biyu, kuma darasin ke nan: in waɗanda aka sake kamawa kaɗan ne, lambar tana rawa. Sai a maimaita ba tare da gaurayawa ba, masu ɗigon suna sama. Kiyasin zai faɗi ƙasa warwas. Haka ke faruwa in masu bincike suka riƙa komawa gaɓar da suka saba kamu.

Agwagwa kuwa ƙirga ta ake yi ido da ido. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Wetlands International, lokacin da tsuntsayen suka taru a mashaya ba sa yawo. Lambobinta sun fi na beyar tsawon tarihi, amma suna da nasu ciwon. Sanyin Turai yana sassautawa, tafkunan arewa maso gabas ba sa daskarewa kamar da, agwagi da yawa ba sa wahalar tafiya nesa. Saboda haka raguwa a Ingila ba lalle ta zama mutuwa ba, wani kason ƙaura ce. Sai an haɗa ƙasashen hanyar gaba ɗaya kafin a yanke, kuma da aka haɗa ɗin ne aka ga raguwar gaskiya ce.

Haihuwa

Macen beyar tana barbara da bazararsu, ƙwan ya tsaya bai fara girma ba sai kaka, sannan ta haƙa rami cikin dusar ƙanƙara ta haihu tsakanin Nuwamba da Janairu. Galibi biyu take haifa, kowanne bai kai kilo ɗaya ba, alhali ita tana da kilo 150 zuwa 300, namiji kuma 350 zuwa 600. Suna tare da ita shekara biyu da rabi, don haka sai bayan shekara uku take sake haihuwa. A duk rayuwarta haihuwa biyar ce ko kusa da haka. Agwagwa kuwa tana iya fara ƙwai tana da shekara ɗaya ko biyu, ta saka 8 zuwa 10, ta kwanta kwana 25, ƴaƴan su tashi sama bayan kwana 50 zuwa 55, badi ta sake.

Makiyayi ya san wannan bambanci tsakanin raƙuma da zabuwa: rasa ƴan tsaki goma abin takaici ne da damina mai zuwa za ta share, rasa raƙuma ɗaya asarar shekaru ce. Don haka a layin haihuwa kada a tsaya ga yawan ƴaƴa, a tambaya wace mutuwa ce ta fi yi wa garken illa. Ga beyar, mutuwar balagaggiyar mace. Shi ya sa a Kanada, inda kusan kashi biyu cikin uku na beyar duniya suke kuma ƴan ƙabilar Inuwit ke farauta bisa kaso, aka daɗe a da ana bin ƙa'idar kada a wuce wajen kashi 4.5 na garke a shekara, kuma maza biyu ga mace ɗaya.

Abin mamaki, ciwon agwagwar ma ga mata yake. Wani bincike da aka yi a Janairun 2016 a Turai da Afirka ta Arewa ya samu maza sun kai wajen kashi 71 cikin 100, alhali a 1989 da 1990 wajen kashi 62 ne. Mace ce ke kwanciya a kan ƙwai a bakin ruwa inda maƙiyi ke samunta, ita ce kuma ta fi gangarawa kudu inda farauta ta fi tsanani. Garke mai tsuntsu 1,000 da mata 290 ba daidai yake da mai mata 380 ba, ko da jimillar ɗaya ce. Duk mai ƙidaya ya riƙa ware maza da mata.

A bi sarƙar musabbabi har ƙarshe

Rubuta "sauyin yanayi" ko "ayyukan ɗan'adam" a gidan barazana ba amsa ba ce. A rubuta sarƙar ɗaya bayan ɗaya har a kai ga gawar dabba ko cikin da bai ɗauku ba.

Ta beyar gajera ce, madaidaiciya. Abincinta karen teku ne, dabbar nan mai kitse da ke huda ƙanƙara don ta sha iska. Beyar tana iyo sosai amma ba ta cim masa a buɗaɗɗen ruwa, sai ta yi kwanto a bakin ramin numfashinsa ko ta fasa ɗakin ƴaƴansa. Yawancin kitsen shekara tana tara shi ne daga Afrilu zuwa farkon Yuli. In ƙanƙara ta narke da wuri, an yanke mata kakar. A gaɓar Hudson takan zauna a tudu wajen wata huɗu tana rasa kusan kilo ɗaya kullum, mai ciki kuwa takan yi wata takwas ba ci. Mace marar kitse ko dai cikin ya zube, ko nono ya kasa. Ƙwan tsuntsu da ƴaƴan itacen da take tsinta a tudu ba sa cike gurbin kitse.

Ta agwagwa rassa ne da yawa, ba wanda ya isa shi kaɗai. Tafkunan kiwon kifi na tsakiyar Turai da gabashinta, inda take yawan sheƙa, wasu an cika su da kifi har ya cinye abincinta ya dagula ruwan, wasu an yi watsi da su sun toshe. Takin zamani da ke gangarowa daga gonaki yana kashe ciyawar ƙarƙashin ruwa da take nutso ta ci. Wata dabba mai kama da tunku da aka kawo daga Amurka don fatarta ta tsere daga gidajen kiwo ta bazu tana cin ƙwai da uwaye. Tsuntsayen bakin ruwa masu baƙin kai, waɗanda ke sheƙa a taro suna korar maƙiyi da ihu, kuma agwagwar ke raɓa da su, su ma sun ragu. Sai dalma: harsashin bindiga da ya watse ya nutse, agwagwa ta tsince shi a laka a zaton tsakuwa, ƙundunta ya niƙa shi, gubar ta shiga jini. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, kuma mai nutso ta fi mai kiwo a saman ruwa haɗiyarsa.

Daga nan layin ƙarshe yake cika kansa. Ƙasashe biyar ke da beyar: Kanada, Amurka, Rasha, Norwe da Denmak ta hanyar Girinlan. A 1973 suka sa hannu a yarjejeniya a Oslo, aka taƙaita farauta, garkunan da aka yi wa ɓarna suka farfaɗo, har a 1996 aka sauke ta daga VU kafin a mayar da ita a 2006. Wannan yarjejeniya ta iya da bindiga, amma ba ta da iko a kan hayaƙin masana'antun duniya. Agwagwa tana ƙarƙashin yarjejeniyar AEWA ta 1995 mai kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda Nijar ke ciki, kuma daga 15 ga Fabrairun 2023 Tarayyar Turai ta hana harbi da harsashin dalma a wuraren dausayi. A ganinmu, in za a rubuta hukunci, a raba shi biyu. In ana maganar wadda aka tabbatar tana zubewa yau, agwagwar ce gaba. In ana maganar wadda za ta fi wuyar dawowa, beyar ce, don haihuwarta a hankali take kuma mazauninta ba ya gyaruwa da hannun mai unguwa ko na minista.

Fita fili: tafkin Madarumfa

Kwatancen da ya tsaya a takarda ba ya zama a kan ɗalibi. Beyar ba za mu gan ta ba, amma rabin aikin na agwagwa ana iya yin sa a kilomita ashirin da ƴan kai kudu da Maraɗi. Tafkin Madarumfa ya shiga jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2019, kuma ma'aunan Ramsar biyu lamba ce tsagwaronta: wurin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani garke. Ba ƙidaya, ba hujja.

A tsai da rana a tsakiyar Janairu. Kafin ranar a sanar da ofishin gandun daji, a gai da mai gari da sarkin ruwa, don masunta su ne suka san kusurwar da tsuntsaye ke kwana da sa'ar da jirage ke fita. Mutum uku ke yin ƙungiya: biyu na ƙirga, ɗaya na rubutu. Kayan aiki su ne madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42, in da hali da babba mai ƙafa uku da ke jawowa sau 20 zuwa 60, da fensir maimakon bik don takarda na jiƙewa, da waya don ɗaukar lambar wurin tsayawa. A kasance a bakin ruwa kafin fitowar rana, a fara ta gabas don rana ta zama a baya. Wanda ya fuskanci rana duk agwagwa baƙa zai gan ta. In hazon hunturu ya yi kauri har ba a ganin ƙetare, a rubuta hakan, ko a ɗage.

Ƙaramin garke a ƙirga ɗaya ɗaya. Babba kuwa a ƙirga 10 sosai, a riƙe girmansu a ido, a riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran; in sun kai dubbai a koma 50 ko 100. Masu ƙirga biyu kada su ji lambar juna sai sun gama. In bambancin ya wuce kashi 10 a sake. Sabon hannu yakan rage wa babban garke yawa, musamman in tsuntsayen sun cunkushe suna ɓoye juna. Masu nutso kuma a ƙirga su sau uku a ɗauki mafi yawa, don a kowane lokaci wasu suna ƙarƙashin ruwa. In kwalekwale ya tashe su, a lura da inda suka sauka kada a sake ƙirga su a tsayawa ta gaba.

Abin da aka saba gani a tafkunanmu kirinjijiya ce mai farar fuska da dogon wuya da fito, da dinya, da ƙananan agwagin Turai masu kiwo a saman ruwa. Mai jan kai tana zama can tsakiya inda ruwa ke da zurfi, jikinta a nutse, wutsiya ƙasa. Namiji ba ya ɓoyuwa: kai ja kamar jan ƙasa, ƙirji baƙi, gadon baya toka-toka mai haske, ido ja. Macen ruwan ƙasa ce da toka, da ɗan haske a gindin baki. In za ta tashi sai ta yi gudu a kan ruwa tukuna, ba ta zabura sama kai tsaye. Aythya nyroca kuwa jikinta duka ja ne mai duhu, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, namijin farin ido gare shi, kuma in ta buɗe fiffike akwai farin layi mai faɗi, wanda mai jan kai ba ta da shi. In ana shakka a ɗora kyamarar waya a bakin madubin a ɗauki hoto, a rubuta "mai nutso, ba a tantance ba". Wannan ya fi suna na ƙarya.

Mai yiwuwa a gama ba a ga ko ɗaya ba, tunda kaɗan ne ke ƙetarowa. A rubuta sifili a gabanta. Gidan da aka bari fayau yana nufin ba a duba ba, sifili yana nufin an duba babu, kuma masu haɗa lissafi daban suke ɗaukarsu. A rubuta cikar tafkin ma, a kafa alama a wani icce ko dutse da za a riƙa aunawa daga gare shi kowace shekara. Ruwan Madarumfa yana bin damina da abin da gulabe suka kawo daga kudu, kuma madatsar Jibiya a jihar Katsina tana cikin abin da ke taɓa Gulbin Maraɗi. Shekarar da ruwa ya ja baya tsuntsaye za su sauka wani wuri, ƙarancinsu a ranar ba shaidar ƙarewa ba ne. Sai an tara ƙidayar shekaru da yawa, a wurin tsayawa ɗaya, a mako ɗaya, kafin a ja layi a ce ga inda aka dosa.

A bar wa masunta saƙo ɗaya. In agwagwa ta faɗa a koma da zoben ƙarfe a ƙafa, a kwafe duk abin da ke jikinsa, lamba da haruffa da sunan garin da aka buga, tare da rana da wurin da aka same ta. In tana da rai a sake ta da zobenta, in ta mutu a cire shi a miƙe shi a kai ofishin gandun daji tare da takardar.